Wuta Ɗaya a Cikin Majanyi

Shekara ashirin da wani abu na yi ina tuƙi ban taɓa kashe mota a shimfiɗaɗɗen wuri ba. Duk mai tsohuwar mota a Yelwa ya san dokar. In za ka tsaya, ka nemi gangara, ka juya hancin motar ƙasa, ka sa dutse a gaban taya. In ta ƙi tashi sai ka janye dutsen, ka sa giya ta biyu, ka bar ta ta silala, ka saki kuloci. In babu gangara, to ka tsaya inda mutane suke. A-kori-kurata ta sha turi har ba a magana. 'Yan dako a kasuwar kifi in sun hango ni na doshi inda na ajiye ta, sai su fara naɗe hannun riga suna dariya.

Da hanyoyinmu suka daina zama lafiya, turin ma ya fara wuya. Da can in ka tsaya tsakanin Yelwa da Wara da lodin banda ko albasa, mai babur na farko da ya zo wucewa zai sauka ya sa maka hannu. Daga baya kowa ya koyi ƙara wuta in ya ga mota tsaye a daji, ban kuma ga laifin kowa ba, don ni ma haka nake yi. Shi ya sa da wani mai sayar da kayan mota ya nuna mini ƙaramin batirin nan na litiyam da ake tayar da mota da shi, ban tsaya dogon ciniki ba. Girmansa bai wuce sandar sabulu ba. Yana da wayoyi biyu, ja da baƙa, kowace da baki mai haƙora kamar na ɗan kada. A gefensa akwai ƙananan wutaye huɗu masu nuna yawan cajinsa, a goshinsa kuma tocila. Ka maƙala ja a inda ja take, baƙa a inda baƙa take, ka murɗa makulli, shi ke nan mota ta tashi.

Kaina ya yi girma, ba zan ɓoye ba. Na riƙa ajiye mota inda na ga dama, har da gangan a tsakar fili, don 'yan dako su taso in ce musu su huta. Batirin motar ya daɗe yana neman canji, ni kuwa ina ta ɗaga masa rana. Me zai dame ni? Ina da sabulu. Inna ce ta sa masa wannan suna, gidan kuma kowa ya ɗauka.

Inna mahaifiyata ce, a wajena take zaune tun rasuwar Baba. Mu shida ta haifa a Yelwa, ni ne babba, ni ake ce wa Yaya, kuma na riƙe girman nan da hannu biyu. Sai dai akwai abin da matan unguwa suka daɗe suna yi mata tsiya a kai. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta yabonsa, in ana maganarsa sai ta sunkuyar da kai ko ta tashi ta ba da wuri. Inna kuwa sunana take kira gatsal, tun daga tsakar gida har bakin titi. Tana zaunar da ni mu ci tuwo kwano ɗaya, tana tsokanata a kan girman kunnuwana. Mata su ce, “Ke dai ba ki da kunyar ɗan hwari.” Ni kuma abin daɗi yake mini. Na ɗauka son da take mini ne ya fi ƙarfin al'ada.

Ba 'yar Yelwa ba ce. An haife ta a wani ƙauye na bakin kogi a ƙasar Ngaski, can aka yi aurensu da Baba, kafin a tare ruwa a Kainji tafki ya hau ya cinye garin. Mutanensu suka watse, wasu suka koma gidajen simintin da gwamnati ta gina, wasu Shanga, wasu ƙetaren ruwa. Ba ta cika ba da labarin wurin ba. In an tambaye ta sai ta ce akwai tsamiya, akwai rijiya mai ruwan sanyi, shi ke nan.

Kowace shekara tafkin yakan janye daga bazara har farkon damina, sannan ya dawo. A shekarar da nake magana ya janye fiye da yadda aka saba gani. Wata ranar Laraba na dawo daga kasuwa, ina wanke ƙafa, Inna ta kira sunana.

“An ce ruwa ya janye bana har kututturen tsamiyar garinmu ya hito. Ka kai ni.”

“Inna, mi za ki gani can? Laka da ƙashin kihi?”

“Ka kai ni dai.”

Matar da ba ta taɓa cewa in saya mata ko goro ba. Gwiwoyinta sun riga sun gaji, daga ɗakinta zuwa zaure sai ta huta a hanya. Na ce to, Juma'a da safe, mu dawo kafin a shiga masallaci. Ranar Alhamis na kai sabulu wajen masu caji, na karɓo shi da wutarsa huɗu cif, na ajiye a kan tagar zaure.

Da safe na neme shi ban gani ba. Har na fara ɗaga murya ina tambayar wanda ya taɓa mini kaya, sai Inna ta ce daga cikin mota, don tuni ta shiga ta zauna, “Yana hannuna. Mu tahi.” Na leƙa na ga wani ƙunshi a cinyarta, an naɗe shi da tsohon farin saƙi da ya koma ruwan ƙasa, ta dafe shi da hannu biyu. Na ce a raina tsohuwa ta fara sanin darajar kayan aiki. Motar ta tashi da kanta a murɗawa ta biyu, muka kama hanya.

Bayan mun bar kwalta mun yi tafiya mai nisa a cikin gonaki. Daga gona ta ƙarshe sai ƙasa ta buɗe, muka sauka cikin abin da watanni kaɗan baya ƙasan ruwa ne. Na bi sawun amalanken shanu da na baburan masunta. Muka tsallaka wata busasshiyar ƙorama mai faɗi, na lura da ita sosai, don na san irinta: ruwan sama na rabin awa ya isa ya cika ta. Daga nan babu bishiya, babu ciyawa, sai laka da ta bushe ta tsattsage, fara fat, har iyakar gani. Muka wuce bukkokin masunta guda uku, babu kowa, duk sun tafi Juma'a cikin gari. Wayata ta daina nuna sabis tun a gonaki.

Inna ce ta riƙa nuna mini hanya, abin da ya fara ba ni tsoro ke nan. Babu wata alama da ni zan iya kamawa, amma sai ta ce in yi dama, nan hanyar mahauta ce, in yi hagu kada in hau masussuka. Tana faɗa tana kallon gefe da gefe kamar mai gaida mutane a ƙofar gidajensu.

Sai ga kututturen. Ya yi fari kamar ƙashi, kaurinsa ya kai mutum uku su kewaye. Na tsaya kusa da shi na bar injin yana aiki.

“Kashe ta,” in ji Inna. “Ba a shiga gari da hayaniya haka. Mutane na kwance.”

Na kashe. Da a ce shekara biyu baya ne, da hannuna bai yarda ba. Da na duba ƙasa, na duba inda hancin motar yake kallo, na tuna babu mai turi. Amma na saba da sabulu, na murɗe makulli ban ko yi tunani ba.

Shirun da ya biyo baya ban taɓa jin irinsa ba. Ko tsuntsu babu. Na fito na buɗe mata ƙofa, ta sauko da ƙunshinta a ƙirji, ta ƙi ba ni in riƙe mata. Ƙasan wurin cike take da fasassun tukwane da bawon katantanwa. Ga dutsen niƙa a kafe inda mai shi ta bar shi, tsakiyarsa ta lotsa. Ga duwatsun murhu uku-uku nan da can, har yanzu a zaune yadda aka jera su. Na ga bakin rijiya, laka ta cike ta har wuya. Tafkin yana can yamma, bai fi tafiyar minti biyar ba, ya kwanta lumui, launinsa kamar na dalma. Daga wajensa wani sauti yake zuwa, dum, dum, a hankali, kamar ana daka a gida na uku. Na gaya wa kaina ruwa ne yake bugun wani tsohon kwalekwale. Har yau haka nake gaya wa kaina, ban dai je na duba ba.

Inna ta jingina bayanta da kututturen, ta fuskanci arewa, ta fara tafiya tana ƙirga taku da leɓɓanta. Matar da ba ta kai zaure sai ta huta, ran nan ban ga ta dafa gwiwa ba. Ta ratsa ta tsakanin wasu duwatsu biyu, ta ɗan sunkuyar da kai daidai wurin, kamar akwai ƙofar da za ta buge ta. Ta yi 'yan taku kaɗan ta tsaya a wani fili da ban ga abin da ya bambanta shi da sauran ba, ta zauna a ƙasa.

“Koma mota,” ta ce, ba ta juyo ba. “In na gama ina kiranka.”

Na koma na zauna a inuwar mota ina kallonta daga nesa. Ba ta ɗaga hannu kamar mai addu'a ba, ba ta yi kuka ba. Zaune kawai take, ƙunshin a cinyarta, tana ɗan jijjiga ƙafa. Hantsi ya wuce, rana ta take. Na san Juma'a ta riga ta kuɓuce mini. Sau biyu na tashi in kira ta, sau biyu na koma na zauna.

Iska ce ta fara gaya mini. Wani sanyi ya bugi ƙeyata, na juya, sai na ga gabas ta yi baƙi ƙirin tun daga ƙasa. Hadarin ya haɗo ne daidai ta inda muka fito. Ba sai an yi mini bayani ba. In ruwan nan ya sauka muna nan, lakar da ke ƙarƙashinmu za ta koma kunu, ƙoramar ta cika ta raba mu da tudu. Mota kam ta zama ta tafki, sai ya dawo ya same ta. Ita ba ta dame ni ba kamar tsohuwar da ke zaune can. Ba za ta iya tafiyar awa biyu a cikin laka ba, ni ma ba zan iya goya ta in tsallake ƙorama mai gudu ba.

Na faɗa mota na murɗa makulli. Ƙat. Na sake. Ƙat, ƙat.

Ban firgita ba tukuna. Na buɗe bonet, na ƙwala mata kira, “Inna! Taso, hadari! Kawo man sabulun!” Ta taso a hankali, gwiwoyin sun dawo mata. Da ta iso ta tsaya riƙe da ƙunshin kamar ba ta son rabuwa da shi, har sai da na miƙa hannu na karɓa. Da ɗumi na ji shi, ɗumi irin na abu mai rai, saura kaɗan in sake shi. Na warware saƙin. A cikinsa tocilar tana ci, da rana tsaka. A gefe kuma, cikin wutaye huɗu, ɗaya ce ta rage, ita ma tana ƙiftawa.

“Inna, mi na wanga?”

Ta kalli ƙasa. “Jiya na ɗauke shi in duba wani abu cikin adaka, ɗakin da duhu. Da na gama na hura wutar, ba ta mutu ba. Na kihe shi da ƙwarya. Da sahe na ishe ta tana ci. Na ji kunyar hwaɗa maka.”

Ina da zuciya, duk wanda ya san ni ya san wannan, amma ban taɓa ɗaga wa Inna murya ba sai ran nan. Na ce wannan ba aci-balbal ba ce da za a kife ta ta mutu. Na ce tun Yelwa take riƙe da shi yana ƙonewa ba ta iya buɗe baki ba. Na ce ta kawo mu cikin kufai don ta kalli laka, ga shi ta kashe mu. Na ce kuma ta rasa abin da za ta naɗe shi da shi sai wannan ruɓaɓɓen tsumma, na yi jifa da saƙin. Iska ta ja shi a ƙasa. Inna ta bi shi da ɗingishi, ta tsugunna da kyar ta ɗauka, ta kakkaɓe.

Na kashe tocilar, dannawa biyu ce kawai. Na maƙala bakunan a kan batir, na shiga na murɗa. Injin ya yi nishi sau ɗaya, sau biyu, ya yi shiru. Na fito na duba, wutar ɗaya tana nan tana ƙiftawa. Na san abin da ya rage a ciki bai wuce gwaji ɗaya ba, in ma ya kai.

Sai tsohon hali ya dawo mini, na fara neman gangara. Akwai ta kuwa. Duk filin a karkace yake, a hankali, yana sauka zuwa wuri guda, wato cikin tafki. In na juya motar na tura ta, za ta silala, amma in ba ta tashi ba kafin busasshiyar ƙasa ta ƙare, to na kai ta cikin ruwa da hannuna. Na tsaya ina kallon ruwan, dakan nan yana ta zuwa, dum, dum. A lokacin na ji a jikina cewa duk abin da ke garin nan can ya nufa, mu ma an sa mu a lissafi. Tsoro ya kama ni sosai, irin wanda rabona da shi tun ina yaro.

Na juya in ce wa Inna ta shiga mota, ban gan ta ba. Ta koma wurin da ta tashi.

Na bi ta da gudu, na yi niyyar in ɗauke ta cak ko tana so ko ba ta so. Ban san lokacin da na ratsa ta tsakanin duwatsun nan biyu ba. Na same ta a durƙushe, ta shimfiɗa saƙin a ƙasa tana gyara gefensa da tafin hannu, tana ɗora fasassun tukwane a kusurwoyinsa don kada iska ta ɗauke. Sai a lokacin, da na gan shi a miƙe, na gane ko mene ne. Dogo ne, siriri, da geza a bakinsa biyu. Majanyi ne, irin wanda ake ɗaure goyo da shi.

Ba da ni ta fara magana ba. Ƙasa ta kalla, ta ce, da wata murya ƙasa-ƙasa da ban san ta da ita ba, “Kai. Ga ƙanenka na kawo maka. Ka gan shi, har ya yi hurhura. Ga hwaɗa kamar ubanku.”

Sannan ta ɗago. “Matso ka yi sallama. Yayanka na.”

Na durƙusa kusa da ita.

“Wata bakwai yay yi,” ta ce. “Zazzaɓi na kwana biyu. Ubanku ya gina mishi kabari nan, bayan ɗakina. Ba a yi wata ukku ba motoci sunka zo kwasarmu. An ɗauki tukwane, an ɗauki awaki, har turmi an ɗauka. Ina zaune bisa kaya ina kallon wurin ga. Ban iya cewa a dakata ba. Wa za ni hwaɗa ma? Ɗan hwari na. Ko kuka ban yi ba gaban mutane.”

Shekara hamsin da ɗoriya ina jin mata suna ce mata ba ta da kunyar ɗan fari. Ashe tana da ita, ta fi ta kowa, mai ita ne yake kwance a ƙarƙashin ruwa. Ta riƙe masa ita har ba ta taɓa bari bakinta ya nuna an yi shi ba, Baba ma ya taya ta riƙewa har ya koma ga Allah. Ni da nake taƙama da sunana da take kira, ashe don ni na biyu ne. Kunya ta rufe ni a kan abin da na kira tsumma. Na yi sallama ga ƙasar. Na ɗaga hannu na yi addu'ar da ta zo bakina, Inna tana cewa amin, iska tana cika mana ido da ƙasa.

Ɗigon farko ya faɗo a kan majanyin, babba, ya yi tabo.

“To, mu tahi,” in ji Inna. “Na gama.”

Na riƙe ta muka koma. Na zaunar da ita, na rufe ƙofa. Na taɓa sabulun, ya huce daga zafin da ya ɗauka. Sai na yi abin da ya kamata in yi tun farko da fushi bai rufe mini ido ba. Kan batirin ya yi farin gari kamar kanwa, bakunan ba su kama ƙarfe sosai ba. Na ciro wuƙar aljihu na kankare shi har ya yi ƙyalli. Na maƙala ja, na jijjiga na ji ta cije. Baƙar kuma na kai ta jikin ƙarfen injin. Na duba ko akwai abin da ke shan wuta a motar, na tarar rediyo a kunne yake ba sauti, na kashe. Na shiga, na taka kuloci har ƙasa, na ɗan jira.

Inna ta ce, “Ka ce bisimilla. Ɗazu ba ka ce ba.”

Na ce. Na murɗa. Injin ya yi nishi, ya ja, ya ja, kamar zai sake mutuwa, sai ya kama. Ban taɓa jin daɗin hayaniyar motar nan ba irin ran nan. Na diro na cire bakunan, na rufe bonet. Wutar ƙarshe ta sabulun ta riga ta mutu.

Na juya mota na bi sawunmu. Ruwa ya fara sauka sosai kafin mu wuce bukkokin masunta, tayoyin baya suna ta wutsil-wutsil. Sau ɗaya na duba madubi. Na hango kututturen, na hango ɗan farin abu a ƙasa can gefensa, sai ruwan sama ya rufe su duka. Da muka iso ƙoramar har jan ruwa ya fara bin tsakiyarta, bai kai rabin taya ba. Na sa giya ta ɗaya na shiga ban ɗaga ƙafa ba. Muna hawa tudu na ji ƙarar sauran ruwan yana tahowa a bayanmu.

Sai da muka hau kwalta na sami bakin magana. Na ce ta yafe mini abin da na faɗa. Ta ce in kalli hanya. Muka yi tafiya kaɗan, abin yana cina, na kasa haƙuri.

“Inna, mi sunanai?”

Ta juya fuskarta wajen taga, ta ja mayafi ta rufe bakinta, kamar yarinyar da ta yi haihuwar fari aka tsokane ta a gaban surukai.

“Ba ni aka tambaya wanga ba,” ta ce.

Na bari a kan zan sake tambaya wata rana, in ta huce, in na sami dabara. Na je wajen 'yan garinsu da suka rage a Shanga, na tarar tsofaffin sun ƙare, matasan ba su ma san an yi shi ba. Inna ta rasu da azumin da ya biyo baya, ba ta faɗa ba. Tafkin ya dawo a kan lokacinsa, kuma tun daga shekarar bai sake janyewa har tsamiya ba. Kowace bazara ina tambayar masunta.

Na sayi sabon batir a satin da muka dawo, na kuma koma ajiye mota a gangara. Sabulun ya yi mini aiki wata shekara guda, sannan cikinsa ya kumbura, mai gyara ya ce in daina caja shi kada ya kama da wuta. Ban yar ba. Yana cikin adakar Inna, a gurbin da majanyin ya bari.

Ƙannena har yanzu Yaya suke ce mini, ina kuma amsawa. Amma in na idar da salla na zo yi wa mamatanmu addu'a, ina kiran Baba da sunansa, ina kiran Inna da nata, sai in tsaya. Sai dai in ce, Allah, da yayana, Kai ka san sunansa.